Ni na biya masa kuɗin makaranta, aminiyata zai aura, kuma ni ake so in ɗinka kayan biki

Assalamu alaikum Anti. Ni budurwa ce 'yar shekara 26, tela ce, ina da ɗan shagona. Akwai wani ɗan unguwarmu maraya da na riƙe shekara 4. Lokacin da zai bar jami'a saboda rashin kuɗi, ni na riƙa biya masa rajista har ya gama. Ya kuma ce in ara masa Naira 350,000 ya sayi kwamfuta, zai biya in ya fara aiki. Bai taɓa cewa yana sona baki da baki ba, ni ma ban faɗa ba, amma kullum cewa yake ba shi da kamata a duniya. Kwanaki aminiyata ta same ni ta ce yana nemanta, ta tambaye ni ko akwai wani abu tsakaninmu, in akwai za ta janye. Kunya ta sa na ce babu, ɗan'uwa na ɗauke shi. Yanzu ya samu aiki, an kai kuɗin gaisuwa, an sa rana bayan Babbar Sallah, ta kuma kawo mini atamfofi da leshi in ɗinka mata. Tun ina sakandare nake kallon anime, wato katun ɗin Japan, na 'yan mata masu sihiri. Wadda na fi so ita ce Tomoyo ta cikin Cardcaptor Sakura, mai ɗinki kamar ni, wadda ta ce farin cikin wanda take so shi ne farin cikinta ko da ba a so ta ba. Maganar ce ma a status ɗina yanzu. Na kalli Madoka Magica amma ban so shi ba, baƙin cikinsa ya yi yawa. Anti, ni ba na farin ciki. Ba na barci, ba na iya cin abinci, a kan keken ɗinki nake kwana. Wata ta ce akwai malamin da zai raba su cikin kwana bakwai. Shin son da nake masa na ƙarya ne tunda na kasa taya shi murna? In ɗinka kayan? In nemi kuɗina, ko za a ce baƙin ciki nake yi?

Wata baiwar Allah daga Zariya

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya sanyaya miki.

Son da kike masa ba na ƙarya ba ne. Wadda ba ta so ba, ba ta rasa barci. Wannan tambayar mun gama da ita, kada ki ƙara ɓata dare a kanta. Abin da ya fi damuna a wasiƙarki shi ne yadda kika ɗauko maganar wata yarinya ta cikin katun kika ɗora wa kanki a matsayin hukunci, kina gwada zuciyarki da ita kullum kina samun kanki da laifi. Tunda ta wannan ƙofar kika shigo, ta nan za mu bi. Masu karatun da ba su kalli waɗannan finafinan ba su yi haƙuri, zan tona ƙarshen labari.

Mu fara da Tomoyo ɗinki. Ƙungiyar matan nan masu zane da ake kira CLAMP ce ta fara fitar da labarin a mujallar Nakayoshi a 1996, aka mayar da shi anime a 1998, kashi 70. Lokacin da labarin ya fara, Tomoyo 'yar aji huɗu ce a firamare, shekararta 10. Mahaifiyarta shugabar kamfanin kayan wasan yara ce, a mota ake kai ta ana ɗauko ta, da masu tsaron lafiya mata sanye da baƙin tabarau. Rigunan da take ɗinka wa ƙawarta Sakura, tauraruwar labarin kuma wadda ta fi so a duniya, da kyamarar da take ɗaukarta, ba daga bakin abincinta suka fito ba. Sannan ita tun farko ta san matsayinta, ta yanke wa kanta cewa ba ta jiran a mayar mata da komai, kuma babu wanda ya taɓa ce mata ta jira. Gari ya waye tare za su tafi makaranta, ƙawarta tana nan ba ta tafi ko'ina ba. Ke fa? Kuɗin rajistar nan guminki ne, ɗinkin dare ne na watan azumi, allura ta soke ki kafin ya taru. Kin kuma jira, shekara 4 kina jira, domin an yi ta faɗa miki maganganun da ke sa mace ta jira. Maganar Tomoyo kyakkyawa ce, ni ma tana burge ni. Amma ba a matsayinki ta tsaya ta faɗe ta ba.

Abin mamaki, a cikin wannan fim ɗin akwai wadda ta fi kama da ke, kika tsallake ta. Meiling nake nufi, 'yar'uwar Syaoran, wani yaro ɗan ajin su Sakura, da ta biyo shi tun daga Hong Kong, wadda babu ita a littafin, masu anime ne suka ƙirƙiro ta. Tun suna yara ta sa shi ya yi mata alkawari cewa ita ce matar da zai aura har ranar da ya samu wadda ya fi so. Irin alkawarin zumuncin nan da mu ma muka sani. Ranar da ya gaya mata Sakura yake so, ta tsaya a gabansa ta cika alkawarinta, ta sake shi, ba ta yi masa kuka ba. Daga nan ina ta nufa? Gidan Tomoyo. Ta kifa kai a cinyarta ta yi kuka mai ƙarfi, tana faɗin irin son da take masa, abin da ya ƙara mata ciwo ma shi ne ta kasa jin haushin Sakura. Ita kanta Sakura, da ta bayyana wa Yukito, abokin yayanta, sonta ya lallaɓa ta ya nuna mata ba haka ba ne, murmushi ta yi masa ta ce ta gane. Sai da ta zauna a lilo a filin wasa sannan hawaye suka ɓalle mata a gaban Syaoran. Kin ga fim ɗaya ya nuna miki 'yan mata biyu da suka yi abin da ya dace kuma suka yi kuka, kowacce ta nemi kafaɗar da za ta jingina. Ke kika zaɓi ta ukun, wadda ba a taɓa nuna tana kuka a kan lamarin ba, kika ce lallai sai kin zama ita.

Wanda kika ce ba ki so kuwa, Madoka Magica, ina zargin dalilin ƙin sa shi ne ya yi kusa da gida. Kashi 12 ne kacal, ya fito a 2011, Gen Urobuchi ya rubuta, kamfanin Shaft ya zana. Ki tuna da Sayaka Miki. Akwai yaron da suka taso tare, Kyosuke, gwanin kaɗa gogen Turawa, hatsari ya lalata masa hannu likitoci suka ce ba zai ƙara kaɗawa ba. Kullum tana asibiti, tana sayo masa faya-fayan kiɗa. Sai ga farar halittar nan mai kama da kyanwa, Kyubey, da tayinsa: a faɗi buri ɗaya a cika shi, a madadinsa yarinya ta shiga yaƙi da mayu iya rayuwarta. Tun kafin Sayaka ta amsa, babbarsu Mami ta yi mata wata tambaya a kashi na 3, wadda a ganina babu magana mai nauyinta a kan soyayya a duk irin waɗannan finafinan. Ma'anar tambayar: burinsa kike so ya cika, ko kuwa so kike ki zama wadda ta cika masa burin, ya zauna da bashin alherinki? Ta ce suna kama da juna amma ba ɗaya ba ne, kuma in ba ta bambance su tun yanzu ba za ta yi nadama.

Sayaka ta ji zafin tambayar, amma ba ta zauna ta amsa ta ba. Ta ba da ranta hannunsa ya warke. Sunan kashi na 5 maganarta ce, cewa babu yadda za a yi ta yi nadama. Sunan kashi na 8 ma maganarta ce, cewa lallai ita wawuya ce. Kashi biyu ne kawai a tsakani. Me ya faru a cikinsu? Kyosuke ya fita daga asibiti ko sanar da ita bai yi ba. Ƙawarta Hitomi ta zaunar da ita ta ce ita ma tana sonsa, amma tunda Sayaka ta riga ta saninsa, ta ba ta kwana ɗaya ta faɗa masa tukuna. Sayaka ba ta faɗa ba. Na san kin gane wurin nan, ba sai na nuna miki da yatsa ba.

Ga abin da nake so ki lura da shi sosai. Ba Kyosuke ne ya hallaka Sayaka ba, ba kuma Hitomi ba. Doka ce ta kafa wa kanta cewa ita jaruma ce da ba ta neman komai, ba ta ƙyashi, ba ta son lada. Sai ta kama zuciyarta, na ɗan lokaci kaɗan, tana cewa da ma ba ta ceci Hitomi daga hannun mayya ba a kwanakin baya. Tunani ne da zai iya gilma wa kowace 'yar Adam da aka ƙona wa rai, ya zo ya wuce. Ita sai ta ɗauke shi hujja cewa ita muguwa ce, ba ta cancanci a so ta ko a taimake ta ba. Ta shiga yaƙi ba dare ba rana, ba ta kula da raunukanta, ta yi wa ƙawarta Madoka da ke binta da kuka maganar da ta kore ta. Homura, wata mai yaƙi da mayu irinta, ta jefa mata abin da zai wanke mata duhun da ke taruwa a dutsen da Kyubey ya sa ranta a ciki, ta sa ƙafa ta shure shi. Da haka ta zama mayyar da take yaƙa. Da na karanta inda kika ce a kan keke kike kwana, ba kya ci, kuma tambayarki ita ce ko ke ce mai son ƙarya, hanyar da na hango ke nan, shi ya sa nake tsawaita magana a kanta.

To ni yau ina maimaita miki tambayar Mami, kuma zan taya ki amsawa. Kin biya masa makaranta don kina tausayin maraya, gaskiya ne. Kin kuma biya don kina fatan ranar da ya tsaya da ƙafarsa ke zai nufa da magabatansa, wannan ma gaskiya ne. Duka biyun suna cikin zuciyarki, kuma na biyun ba zunubi ba ne. Mace ta so namiji ta yi fatan ya aure ta, ina laifi? Kuskuren shi ne kin yi ciniki a zuci, ba ki faɗi farashi ba, shi ya sa yau ba ki da abin kamawa. Ki amsa wa kanki wannan a fili, za ki ji wani nauyi ya sauka, domin ɓoye shi ne yake cin ki.

Sai dai akwai inda labarinki ya rabu da na Sayaka, kuma a nan ba zan yi wa saurayin nan sassauci ba. Kyosuke bai san komai ba. Shi a saninsa hannunsa warkewa ya yi ta hanyar mamaki, har labarin ya ƙare bai san abin da aka biya ba. Naki ya sani. Kowane zango yana ganin kuɗi na shigowa asusunsa da sunanki. Namiji baligi da ya kai jami'a, budurwa wadda ba ƙanwarsa ba ba 'yar ɗakinsu ba tana ɗauke da shi shekara 4, ya ce bai gane ba? Ya gane sarai. Ya zaɓi kalmomin da za su riƙe ki ba tare da sun ɗaure shi ba. "Ba ni da kamarki a duniya" magana ce da za a iya faɗa wa uwa, a faɗa wa yaya, a faɗa wa masoyiya, gobe kuma a ce ai ba haka nake nufi ba. Da mutumin kirki ne, tun shekarar farko zai zaunar da ke ya ce ga yadda na ɗauke ki, in kin ga za ki ci gaba da taimako a haka to, in ba haka ba na gode. Bai yi ba, domin faɗin gaskiya zai iya tsayar da kuɗin rajista. Ba dole ba ne ya so ki, amma dole ne ya fayyace miki, kuma wannan haƙƙin naki ya ci.

Aminiyarki kuwa, ta yi abin da mata da yawa ba sa yi, ta zo ta tambaya. Ina da 'yar shakka, don wadda ta ga bukatar tambaya ta riga ta hango wani abu, kuma labarin zuciya a tambayi fuska, da wuya a ce fuskarki ba ta ba ta amsa ba ranar. Amma ba za mu kama ta da abin da bakinki ya musanta ba. An raine mu da kunya da kawaici, an koya mana cewa mace ba ta fara furtawa, kuma akwai kyau a cikin hakan. Sai dai kunyar da za ta sa a tambaye ki gaskiya a kan rayuwarki ki ce babu, ta wuce wurinta. Nana Khadija, Allah ya ƙara mata yarda, da ta ga wanda ya dace ba ta zauna jiran ya gane ba, ta aika Nafisa ta je ta ji ta bakinsa. Wannan na gaba ne, ki ajiye shi. Na yanzu ya riga ya wuce.

Na ce ya wuce, kuma da gaske nake. Kada ki je ki bayyana masa so yanzu da aka sa rana. Ko dai ya ƙi ki ki ƙara rauni, ko ya yi miki wata sabuwar magana mai harshen damo ki koma layin jira. Za ki ji masu cewa ai namiji mijin mace huɗu ne, ki kwantar da hankalinki za ki shiga daga baya. Halal ne, ban musa ba. Amma ki dubi mutumin. Wanda ya ci guminki ya nemi aminiyarki bai ko zo ya gaya miki da bakinsa ba, shi za ki ba wa wasu shekarun?

Batun malam, ki rufe shi yau ɗin nan, ita ma mai kawo shawarar ki ja baya da ita. Wanda zai raba mutum biyu cikin kwana bakwai ba malami ba ne, boka ne ko da ya naɗa rawani. Aya ta 102 a Suratul Baƙara ta ambaci masu koyon abin da ake raba miji da mata da shi, ta ce ba su da rabo a lahira, kuma sihiri yana cikin manyan zunubai bakwai masu hallakarwa da hadisi ya lissafa. Ko a fim ɗin ma an taɓo wannan. Kyoko, yarinyar nan mai jan gashi da ba ta rabuwa da abin ci a hannu, ita ma mai yaƙi da mayu, ta taɓa yi wa Sayaka gatse cewa in mallakarsa take so, ta je ta karya masa hannu da ƙafa ya zama ba shi da kowa sai ita. Ita Kyoko ta san abin da take faɗa. Burinta shi ne mutane su saurari wa'azin mahaifinta, suka kuwa cika masa ɗakin ibada. Ranar da ya gane ba maganarsa ce ta kawo su ba, sihiri ne, ya zauce, gidan gaba ɗaya ya hallaka sai ita kaɗai. A ce ma aikin bokan ya ci, mijin da aka jawo da layu kullum kina kallonsa kin san ba da ƙafarsa ya zo ba. Ki tuna Mugisu da Barira a Madina. Yana bin ta a hanya hawaye na zuba a gemunsa, har Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa baki ya ce da ma ta koma masa. Ta tambaya ko umarni ne, ya ce ceto kawai yake yi, ta ce ba ta da bukatarsa, aka kuma bar ta. In har a can ba a tilasta zuciya ba, ba wani mai zane a ƙasa ne zai tilasta miki ita ba.

Yanzu kuɗi, inda na fi so ki buɗe ido. Kuɗin rajista, in dai da sunan taimako kika bayar, kyauta ce, ta tafi. Hadisi ya yi kakkausar magana a kan mai karɓe kyautarsa, aya ta 264 a Baƙara kuma ta hana ɓata sadaka da gori. Kin ilimantar da maraya, wannan ladan yana wurin da ba a cin amana, kada ki zubar da shi da "ba don ni ba da yanzu kana ina". Na san da ciwo, amma ki bar shi.

Naira 350,000 kuwa bashi ne. Da bakinsa ya ce ara, da bakinsa ya ce zai biya in ya fara aiki, ga shi ya fara. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a wannan surar, a kan bashi ta sauka, ta ce a rubuta a kafa shaidu. Addinin da ya ba bashi wannan muhimmancin ba zai kira ki mai baƙin ciki don kin nemi naki ba. Mutane za su faɗa, wannan tabbas ne. Su faɗa. Mai kuɗin haɗa lefe yana da kuɗin biyan bashi. Kuma tunda maganganun finafinan nan kike riƙewa, ki tuna kirarin da Sailor Moon, tauraruwar wani katun ɗin irin waɗannan, take yi wa kanta duk lokacin da ta fito, tun 1992: jarumar so da adalci. Biyu take haɗawa. Ke kin rungumi na farko, na biyun kin bar shi a ƙasa, alhali ke ma kina cikin waɗanda adalci ya shafa.

Yadda za ki yi: kada ki je da kanki, kada ki kira shi da dare, kada ki rubuta masa dogon saƙo da zai koma zancen zuciya. Ki tattara shaidar tura kuɗin daga banki da saƙon da ya nemi aron, in yana nan. Ki sami yayanki ko kawunki, namiji mai natsuwa wanda ba ya da saurin hannu, ya same shi cikin mutunci. A rubuta takarda, mutum biyu su sa hannu, a yanka masa abin da zai riƙa biya duk wata gwargwadon albashinsa. In da gaske yana cikin matsi a yi masa jinkiri, Alƙur'ani ya ce a yi, amma jinkiri mai rana, ba "sai Allah ya hore" ba. A yi wannan yanzu, tun da sauran lokaci, kada a bari sai satin biki ya zama kamar an zo ɓata taro. Kuɗin kuma ya riƙa shiga ta hannun wakilinki, don kada kowane ƙarshen wata ya zama dalilin gaisawa.

Ɗinkin, kada ki yi. Tomoyo tana ɗinka wa Sakura kaya tana dariya don abin yana yi mata daɗi. Ke za ki auna ƙugun amarya da tef kina haɗiye kuka, ki kwana kina jera duwatsu a rigar da za a kai ta ɗakinsa da ita. Babu lada a azabtar da kai irin wannan, kuma ke tela ce, kin san hannun da zuciyarsa ba ta wurin ba ya fitar da aiki. In ɗinkin ya ɓaci ko da ba da gangan ba, kin san abin da za a ce. Ki mayar mata da kayanta cikin satin nan, domin kin fi ni sanin yadda teloli ke cika kafin Sallah, kada ki sa ta rasa mai yi mata. Ki haɗa ta da wata gwana da kika yarda da ita. Ba sai kin yi ƙarya ba, ba kuma sai kin zazzage mata cikinki ba. Ki ce: "Ƙawata, ki yi haƙuri, wannan ɗinkin ba zan iya ba. Amsar da na ba ki ranar nan ba ita ce duka gaskiyar ba. Ba na neman a fasa komai, Allah ya sanya alheri, amma ina bukatar in ɗan ja jiki." Ki tsaya a nan. In ta yi kuka, in ta yi fushi, in ta ce me ya sa ba ki faɗa ba, ki ce kuskurena ne, kada ki buɗe sabon shafi. Ƙawancen zai iya rayuwa, zai iya mutuwa, ba yau za a sani ba.

Anko ba dole, kamu ba dole, rakiyar amarya kuwa ko kusa. In kin ji za ki iya, ki shiga ki gaida mahaifiyarta ki ba da gudummawarki ki fito. In ba za ki iya ba ki aika.

Ki sauke maganar nan daga status. Kin san wa ya fi kowa jin daɗin ganinta? Shi. Kullum ya buɗa waya yana karanta takardar yafiya da ba ki rubuta da zuciya ɗaya ba, yana cewa ai ita ma ta ce farin cikina ne nata. Ita Sayaka sai a kashi na ƙarshe, bayan komai ya ƙare, ta zauna tana sauraron Kyosuke yana kaɗa gogensa a gaban alƙalan kiɗa, sannan ta iya cewa abin da take so tun asali shi ne ta ƙara jin kiɗan nan. Ko a lokacin ma ta amsa cewa abin yana ɗan yi mata ciwo. Wataƙila wata rana ki ji labarinsa ki ce Allah ya ƙara masa, har cikin ranki. Ba a farawa daga nan, kuma babu wanda ya sa miki ranar isa.

Kafin duk wannan, yau da dare, ki gaya wa Mama. In kina jin nauyinta, ki sami gwaggo ko yayarki mace. Za a yi miki faɗan kuɗin, ki shanye, faɗan na kwana biyu ne. Ki rufe shago da magariba ko da aiki ya taru, ki ci abinci ko ba kya jin daɗinsa, ki kai kukanki sujada, can ba a jin kunya. In rashin barcin da rashin cin nan suka haura mako biyu ba sauƙi, ko kika fara jin da ma ki mutu ki huta, wannan ya zama ciwo irin na asibiti. Ki sa a raka ki wurin likita a ranar, ki faɗa masa yadda kika faɗa mini, ba rashin tawakkali ba ne.

Abu ɗaya ya rage, kuma ina so ki shirya masa tun yanzu. Biki yana cin kuɗi, ga hayar gida, ga kayan ɗaki da za a ce ango ya cika. Mutumin da ya saba in ya matsu ke yake kira, akwai yiwuwar ya sake kira, da muryar nan da kika sani, ya ce ba shi da wanda zai tunkara sai ke. Ki ce masa babu, ya yi magana da yayanki, ki kashe wayar.